An kai ƙanena kaso kan salular da ya saya, wani ya ce mu kawo jika 150 a sake shi, mu ba shi?

Wani yaro ne daga unguwar Garin Malam ta nan Zinder ya aiko mini da wannan tambayar: "Baba, ƙanena ɗan shekara 22 ne, kabu-kabu yake yi. Ya sayi salula hannun wani a bakin kasuwar Dole jika 35, ashe ta sata ce. Bayan wata biyu 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, ya kwana uku a komisariya, daga nan aka defere shi, wato aka miƙa shi kotu, yanzu sati biyu kenan yana gidan kaso ba mu san halin da ake ciki ba. Mai salular an mayar mata da kayanta har ta ce ta yafe. Wani mutum da ya ce ya san juji ya ce mu kawo jika 150 a sake shi. Mahaifiyarmu tana son sayar da tumakinta. Mu ba shi?"

Ɗana, Allah ya kawo mafita, ya sanyaya wa mahaifiyarku zuciya. Kada ku ba mutumin nan ko dala, kuma a bar tumakin nan a turkensu. Zan zo kan shi mutumin don ina da abin faɗa sosai a kansa, amma bari mu fara da inda yaron yake a wajen doka, don na lura a duk bayanin da ka yi babu abu biyun da suka fi komai nauyi, wato wa ya sa hannu a takardar da ta kai shi kaso, kuma dosiyensa hannun wa yake yau. Na daɗe ina aikin girafiye, wato magatakardan kotu, a kotunan jihar nan kafin in ajiye aiki, kuma wallahi yawancin iyalan da na ga sun sha wahala rashin sanin waɗannan abu biyun ne ya ja musu, sai ka ga ana ta zarya daga wannan biro zuwa wancan, ana kashe kuɗin mota da na abinci, alhali ba a ma san ƙofar da ya kamata a buga ba.

In dai yadda ka faɗa ne, abin da ake tuhumarsa da shi rasel ne, wato riƙe kayan sata. Laifi ne mai zaman kansa a cikin kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa tun 1961 aka yi masa babban gyara a 2003, kuma kada wani ya ce muku ƙaramin abu ne, ana ɗaure mutum a kansa. Amma doka ta sa sharaɗi guda wanda duk shari'ar ƙanenka a kansa za ta tsaya: sai in mutum ya riƙe kayan YANA SANE cewa na sata ne. Wanda ya saya da zuciya ɗaya bai san komai ba, asarar kuɗinsa kawai zai yi, a karɓe kayan a mayar wa mai shi, ba shi da laifi. Toh amma juji ba ya ganin zuciya, alamu yake dubawa. Zai tambaye shi nawa ka saya, nawa irinta take a kasuwa, a shago ka saya ko a tsaye bakin hanya, da rana ko da dare, an ba ka kwalinta ko rasi, da ka kunna ka tarar da hotunan wasu mutane a ciki, a kulle take sai da ka kai aka fasa mata kodi, ka san wanda ya sayar maka ko ranar ka fara ganinsa. Idan salular irin wadda ake sayar da ta hannu jika 40 ko 45 ce shi kuma ya saya 35, magana ta yi sauƙi ƙwarai. Idan kuwa ta jika 200 ce aka sallama masa a 35, gaskiya sai an dage, don jujin zai ce duk mai hankali ya san araha irin wannan akwai dalili a bayanta. Don haka ka je wajen masu sayar da salula biyu ko uku ka tambayi farashin irinta ta hannu a lokacin da ya saya, ka san gaskiyar inda kuka tsaya kafin ranar zama.

Akwai wani abu da yake taimakonsa wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Yadda aka kai gare shi, kowace salula tana da lambarta ta kanta da ake kira IMEI, in ka danna *#06# za ta fito maka, mai kaya in ta kai ƙara da wannan lambar sai masu bincike su rubuta wa kamfanonin sadarwa, su Airtel da Moov da Zamani, a ga wane layi ne yake aiki a cikinta, layin kuma da katin ɗan ƙasar mutum aka yi masa rajista. Kaga kenan ƙanenka layinsa na kansa ya sa, mai sunansa, yana ta amsa kiran fasinja da ita wata biyu a bainar jama'a. Wanda ya san kayan sata ne a hannunsa ba kasafai yake yin haka ba. Wannan hujja ce, a faɗe ta gaban juji. Sannan a nemo duk wanda yake wurin ranar cinikin, abokin kabu-kabunsa ne, mai shayin wurin ne, mai cajin salula ne, in kuma kuɗin ta Nita ko Amana ya tura, rasin nan ko saƙon da ya shigo ya fi shaidu uku. Shi kuma wanda ya sayar masa, duk abin da kuka sani a kansa, lambarsa, laƙabinsa, unguwar da yake zama, ku kai wa masu bincike. Kada ku tara samari ku je kamo shi da kanku a yi dambe, sai a wayi gari ku ma kuna da naku dosiye na duka da rauni.

Kwana ukun da ya yi a komisariya shi ne gardabi, wato tsarewar 'yan sanda, ya riga ya wuce amma bari in faɗa saboda wasu masu karatu. A laifi na yau da kullum awa 48 ne, prokirer, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, yana iya ƙara wasu 48, daga nan ko a saki mutum ko a kai shi parke, wato biron prokirer a kotu. Laifukan ta'addanci lissafinsu daban ne, ya fi haka tsawo nesa. Tun daga kamun mutum yana da ikon kiran lauya, akwai ƙa'idar ƙasashen UEMOA, masu kuɗin CFA na Afirka ta Yamma, ta 2014 da ta tabbatar da haka. Abin da ya fi shafarku yanzu shi ne PV ɗin da ya sa wa hannu a can, wato takardar da 'yan sanda suka rubuta bayaninsa a ciki. Da Faransanci ake rubuta shi, yaro ya gaji, ya tsorata, an ce sa hannu nan ya sa, wataƙila bai san an rubuta "na san ta sata ce" ko "na yi shakka amma na saya" ba. In haka ta faru ba ƙarshen magana ba ne, a irin wannan laifin PV bayani ne kawai da yake haska wa juji hanya, abin da mutum ya faɗa da bakinsa gaban juji shi ma ana rubutawa kuma ana auna shi. Ka tambaye shi a hankali abin da ya faɗa a komisariya, kalma da kalma, kada maganarsa ta riƙa canzawa daga zama zuwa zama.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ranar da aka defere shi, prokirer ko ɗaya daga cikin mataimakansa ya karanta PV, ya yi masa 'yan tambayoyi, sannan ya zaɓi hanya. Yana iya rufe maganar ya ce a tafi gida, yana iya sakin mutum ya ba shi ranar da zai dawo kotu, waɗannan biyun ba su faru ba tunda yana kaso. Saura biyu. Ko dai an bi hanyar gaggawa da ake kira falagaran deli, shi prokirer da kansa ya sa hannu a manda depo, wato takardar tsarewa, a kai mutum kaso ya jira zaman kotu mafi kusa, ko kuma an miƙa dosiyen ga jujin bincike, shi ne ya saurare shi ya sa hannu a mandan. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Ta farko shari'a ce da ya kamata a yi ta cikin ɗan lokaci, ko da an ɗage sau ɗaya ko biyu saboda ba a samu mai ƙara ba. Ta biyu kuwa watanni take ɗauka, don jujin zai saurari kowa, ya haɗa su fuska da fuska, ya nemi ɓarawon, in salulolin da aka sace da yawa ne kuma an kamo mutum biyar ko shida da suka saya duk a dosiye ɗaya za a zuba su, sai na ƙarshe ya samu kafin a rufe.

Yadda za ka sani ba wuya. Gidan kaso yana da nasa biron rajista ƙarƙashin rajisar, wato shugaban gidan, ba a karɓar kowa sai da manda, kuma a jikin takardar akwai sunan wanda ya sa hannu da laifin da ranar. Shi kansa yaron ya san ko mutum ɗaya ya gani ranar ko an sake shigar da shi wani biro inda wani juji da girafiyensa suka zauna suna rubuta maganarsa. Daga nan ka je kotu, sakatariyar parke, da katinka na ɗan ƙasa, ka ba da cikakken sunansa yadda yake a takardar haihuwa da ranar da aka defere shi, ka roƙi lambar dosiyen, in yana wajen jujin bincike a gaya maka kabine, wato biron jujin, na nawa ne. Ka rubuta a takarda ka adana, ka ɗauki hotonta a salularka. Ba a biyan ko sisi don wannan. Ka je da safe, ka yi sallama, ka yi haƙuri da layi, in an ce ka dawo gobe ka dawo goben. Dosiyen da ake zuwa tambayarsa da ladabi duk sati ba ya kwana a ƙasan tari, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

In hanyar gaggawa ce, abin da za ku nema shi ne ranar zama. Sati biyu ya isa a ce an sa shi a rol, wato jerin shari'o'in da za a zauna a kansu, in ba a sa ba, ku rubuta wa prokirer 'yar takarda ta tunatarwa. In kuwa jujin bincike ne, toh abin da ya dace shi ne neman sakin talala, wanda a kotu za ka ji ana cewa libarte probizuwar. Shi wanda ake tsare da shi ne yake nema ko lauyansa, ba uwa ko wa ba, ana rubuta takardar da sunansa ya sa hannu, ta bi ta hannun rajisar zuwa ga jujin, kuma yana da ikon nema a kowane lokaci, in an ƙi yau yana iya sake nema gaba. Jujin zai tura wa prokirer ya faɗi ra'ayinsa sannan ya yanke, in ya ƙi ana iya kai maganar kotun ɗaukaka ƙara, mu kuma Allah ya taimake mu tana nan cikin Zinder, mutanen Diffa ma nan suke zuwa. Abin da jujin yake tsoro guda uku ne, kada mutum ya gudu, kada ya je ya lallashi shaidu, kada ya koma ga laifin. Saboda haka takardar ta nuna yaron yana da gida sananne a Garin Malam, a haɗa da takardar shaidar zama, takardun babur ɗinsa, in yana da mata da 'ya'ya a faɗa, a nuna bai taɓa shiga hannu ba, an mayar da salula, ga kuma dattijon da ya tsaya masa. Wani lokaci juji yakan ce a ajiye kosiyo, wato kuɗin beli. Kuɗi ne na doka, jujin ne yake rubuta adadinsa a cikin hukuncinsa, a biro ake biya a ba ka rasi mai hatimi, kuma in mutum ya halarci duk kiran da aka yi masa akwai kason da ake mayarwa. Duk kuɗin da aka ce ku kawo babu takardar juji babu rasi, ba kosiyo ba ne ko da an kira shi da wannan sunan.

Kuma tsarewar jiran shari'a tana da iyaka. Gyaran 2003 ya sa wa matsakaitan laifuka irin wannan wata 6, ana iya sabuntawa sau ɗaya, manyan laifuka kuma wata 18 da ƙarin da bai wuce wata 12 ba, ban da wasu kaɗan kamar kisan kai da aka cire daga wannan lissafin. Ka riƙe ranar da aka sa hannu a mandan, daga ita ake ƙirgawa. Abin da yake ci mini rai har gobe shi ne fiye da rabin mutanen da suke gidajen kason ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira suke, kuma cikinsu akwai yaran ƙauye da ba wanda yake zuwa tambayar dosiyensu, wa'adi ya wuce ba wanda ya ɗaga murya.

Maganar ta yafe. Allah ya saka mata da alheri, amma yafewarta ba ta buɗe ƙofar kaso. Da zarar magana ta shiga parke, ƙarar ta zama tsakanin yaron da al'umma, prokirer ne mai ita, ita matar haƙƙinta na diyya kawai take iya bari. Duk da haka yafewar tana da amfani babba in an sa ta a takarda. Ku je da dattijo, ko mai unguwa ko limamin masallacinku, ku roƙe ta ta rubuta cewa ta karɓi salularta kuma ba ta neman komai wajen wane, ta sa hannu, a kai a sa cikin dosiye, in za ta iya zuwa ranar zama ta faɗa da bakinta ya fi. Ban da matsa mata, ban da aika mata mutane dare da rana, don in ta je ta ce ana takura mata kun ɓata neman sakin da hannunku. Nasan kuma wani zai ce a kai maganar fada. Sarakunanmu, tun daga mai unguwa har Sultan na Damagaram, doka ta ba su ikon sasanta mutane a rigimar gona da gado da aure da bashi, kuma suna sauke wa kotu nauyi mai yawa, amma laifin da ya riga ya shiga hannun prokirer ba su da ikon kashe shi. Dattakunsu yana amfani wajen shawo kan mai ƙara da tsaya wa yaro, iyakarsa kenan.

Toh mu zo kan mai jika 150. Irinsu na san su kamar yunwar cikina. A wata kotu da na yi aiki akwai wani da kullum yana gindin bishiyar bakin ƙofa, babbar riga fes, da 'yar jakar takardu a hammata, ya san sunan kowane ma'aikaci har da masu gadi. In ya hango tsohuwa ta sauko daga mota tana waige-waige da kwanon abinci a hannu sai ya taso, sannu Inna, wa aka kama miki. Ya karɓi sunan, ya ce ta jira, ya shiga ciki tana kallonsa, ya leƙa biro ya ce ina kwananku, ya gaida kowa, ya ɗan tsaya a baranda ya duba rol ɗin da aka manna a bango wanda kowa ma yana iya dubawa, ya fito yana girgiza kai ya ce maganar ta yi nauyi amma na yi magana da mutumina. Abin da yake sayarwa kenan. Ya san daga ganin laifin wane ne zai iya fita da sursi, wato ɗaurin da ba a zama, ko a sallame shi, in yaron ya fita ya ce aikina ne, in bai fita ba ya ce kuɗin ne bai kai ba prokirer ma yana son nasa, a ƙaro. Ko ta ina shi bai yi asara ba, kuma ba mai iya kai ƙararsa don wanda ya bayar ma ya san abin da ya yi ba daidai ba ne. Ba ina ce maka duk ma'aikatan shari'a tsarkaka ba ne, akwai ɓata-gari kamar kowane aiki, shi ya sa ma ma'aikatar shari'a ta buɗe layin kai koke kan cin hanci a 2011. Amma ka sani doka tana hukunta mai bayarwa kamar yadda take hukunta mai karɓa, kuma na ga inda juji mai gaskiya ya ji ana yawo da sunansa a kan wani dosiye, sai ya ƙara tsanantawa don ya wanke kansa, yaron da zai fita ya ƙara kwana. Ka gwada mutumin da abu ɗaya: ka ce ya faɗa maka lambar dosiyen da kabinen da yake, kuma ka ce za ka biya a biro a ba ka rasi. Za ka ga yadda zancen zai canza.

In akwai kuɗin da za a kashe, a kashe shi wajen lauya na gaskiya mai rajista, a yi ciniki a fili a ba ku rasi. Matsalarmu a nan ita ce kusan duk lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kusan kilomita 900 daga nan, kawo ɗaya sai da kuɗin hanya da masauki. In ba hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar Disamba 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da biro a manyan kotuna, bayani da shawara kyauta ne ga kowa, su kan taimaka da rubuta takarda, kuma wanda ya cika sharaɗin rashin hali ana iya naɗa masa mai kare shi. Ka tambayi biron nasu ranar da ka je neman lambar dosiye. Gaskiya a dosiye irin na ƙanenka, in farashin da ya saya bai yi nisa da na kasuwa ba, mutum yana iya tsayawa da kansa ya fita, in dai an shirya shi.

Kafin nan ku kula da shi a ciki. Wanda yake jiran shari'a, izinin ganinsa wajen alƙalin da dosiyen yake hannunsa ake karɓa, permi ne ɗan ƙarami, ka je da katinka. Sojojin gardi nasiyonal ne suke gadin gidan, ka bi ƙa'idarsu ta ranaku da awoyin ziyara, za su bincika kwano, kada ka yi fushi. Abincin gidan ba ya isa, wannan kowa ya sani, in kuna iya kai masa ko sau ɗaya a rana ku kai, da sabulu da omo da tabarma da 'yan kaya marasa nauyi, ga cunkoso ga zafin Damagaram in bazara ta kama, ƙazuwa da zazzaɓi da tari ba sa wuya a wurin. In yana da wata cuta da yake shan magani, ku kai takardar likita wajen rajisar tun yanzu, tana ma iya shiga cikin dalilan neman saki. Abin da nake roƙonku da girman Allah, kada wanda ya kuskura ya soka masa salula ko ƙwaya cikin tuwo don tausayi, sabon laifi ne a kansa da kan wanda ya kawo. Kuma ku ja masa kunne kan masu ba da shawara na cikin ɗaki, akwai tsofaffin fursunoni da za su ce masa ka ce kaza ka musanta kaza, da yawa sun rusa shari'arsu da irin wannan. Mahaifiyarku in za ta iya daurewa ta je ta gan shi, yaro in ya ga ba a yar da shi ba hankalinsa yakan kwanta.

Ranar zama ku zo da wuri da shaidunku, kowa da katinsa. Akwai tafinta, ya yi magana da Hausarsa, in bai gane tambaya ba ya ce a maimaita, kada ya amsa abin da bai fahimta ba don kunya. Ya faɗi yadda aka yi cinikin tiryan-tiryan, ya amsa cewa ya saya, nawa, a ina, gaban wa, ban da rantse-rantse da kuka da cewa sharri aka yi mini, tunda an samu salular a hannunsa musun wannan ba ya da amfani, abin da ake so ya fito shi ne bai sani ba. In hanyar gaggawa ce kuma shaidunku ba su samu zuwa ba, yana da ikon roƙon a ba shi 'yan kwanaki ya shirya, kuma a nan take yana iya roƙon kotu ta sake shi kafin ranar. Prokirer zai tashi ya nemi hukunci, wani lokaci da kakkausar murya, kada gabanku ya faɗi, roƙo ne yake yi, juji ne mai yankewa, kuma wanda ake tuhuma shi ne mai magana ta ƙarshe.

Abin da zai iya fitowa, ko a sallame shi, ko a ba shi sursi wato ɗaurin da ba zai zauna ba muddin bai sake wani laifi ba cikin shekara 5, ko ɗauri na zama wanda za a cire masa kwanakin da ya riga ya yi tun ranar manda, wataƙila da tara. In hukuncin bai yi muku ba, kwana 10 ne kacal na ɗaukaka ƙara, yana iya yi daga cikin kaso ta biron rajista, in suka wuce shikenan. Kuma kada ku raina bambancin sallama da sursi don duka biyun gida zai kwana. Sursi hukunci ne, an same shi da laifi kenan, yana shiga kaziyensa, wato rajistar hukuncin da aka taɓa yanke masa, a kotun inda aka haife shi, yaro ɗan shekara 22 gobe yana iya son shiga gasar aikin soja ko ɗan sanda ko wani aikin gwamnati inda ake bincika wannan. In da gaske bai sani ba, a dage a nemi sallama.

In Allah ya sa aka ba shi sakin talala, ku zaunar da shi ku gaya masa shari'a ba ta ƙare ba. Nasan halin samarinmu, yana fitowa kunya ta kama shi a unguwa, abokai su ce taho mu tafi Agadez ko Jado wajen zinariya, ko a bi ta Matamaye a shiga Kano, ko Libiya gaba ɗaya. In sammaci ya zo ba ya nan za a yi shari'ar a bayansa, ba mai faɗin nasa ɓangaren, a yanke masa ɗauri a fitar da takardar kamu, kosiyon da kuka ajiye ya tafi, dattijon da ya tsaya masa ya ji kunya, wata rana yana dawowa a tsayar da mota a shingen bincike a sauke shi. Ya zauna a gari, in ya canza gida ko lambar salula a sanar da girafiyen kabinen, duk takardar da ta zo daga kotu a kai wa wanda ya iya karatu ranar da ta zo, har sai an yanke hukunci kun karɓi kwafinsa a hannu.